Daga Fagen Fama zuwa Dokin Haya: Sauyin Hawan Doki a Ƙasar Katagum

Hawan doki a ƙasar Katagum, kamar yadda yake a sauran masarautun da jihadin ƙarni na 19 ya kafa, ya fara ne a matsayin aikin mutane kaɗan da ake yi wa doguwar tarbiyya saboda yaƙi, daga baya ya koma adon sarauta da ake fitowa da shi ranar salla, a yau kuwa ya zama abin da duk saurayin da ke da kuɗin haya zai iya yi da yammacin ranar ɗaurin auren abokinsa. A kowane mataki mahaya sun ƙaru, tsawon lokacin da mutum yake ɗauka kafin a yarda ya kama linzami kuma ya ragu. Shi dokin bai sauya hali ba, domin har yanzu ingarma ne mai cizo da harbi wanda ke firgita da ƙarar bindiga. Abin da ya sauya shi ne tsarin mutanen da ke kewaye da shi, wanda a da yake ɗaure haɗarin hawa a hannun waɗanda suka san shi.

Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya haɗa tsoffin ƙasashe irin su Shira da Tashena ƙarƙashin mulki ɗaya, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, abin da ya sa ake kiran sarakunan Katagum da laƙabin Sarkin Borno, sannan ya kafa garin Katagum a wajajen 1814. Jama'ar Shehu ba da dawaki suka fara ba. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ba su wuce ashirin ba, kuma da kibiya suka karya barade na Gobir. Amma da mulki ya zauna a hannunsu sai suka gaji tsarin waɗanda suka kayar, domin ba a tsare iyaka mai faɗi da ƙafa, Katagum kuwa masarautar bakin iyaka ce, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi da fadamun kogin Jama'are, tana fuskantar Borno wadda ta shahara da manyan dawaki tun ƙarnuka da suka wuce. Irin wannan ƙasa ta dace da doki ta wata fuskar kuma, saboda tana nesa da dazuzzukan kudu inda ƙudan tsando ke yaɗa sammore, cutar da ke ramar da dabba har ta kashe ta.

A watan Janairun 1824 Turawa biyu 'yan Birtaniya, Kyaftin Clapperton da Likita Oudney, suka sauka a Katagum a kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano, zamanin Sarki Ɗankauwa, kuma Oudney ya rasu a Murmur 'yan kwanaki bayan sun bar garin. Clapperton ya rubuta cewa lardin na iya fitar da mahaya kusan 4,000 da dakaru 20,000. Irin wannan ƙidaya ta fada takan zo da ƙari, musamman idan baƙo ake gaya wa, amma ko da an rage ta tana nuna mahayi ɗaya a kan dakaru biyar, wato doki na 'yan tsiraru ne ko a lokacin da ya fi yawa. An kuma gwada waɗannan dawaki ba da daɗewa ba, domin a 1826 Shehu Laminu na Borno ya taso da rundunar da ta tilasta wa Ɗankauwa barin garin, har sai da Sarkin Bauci Yakubu ya tare shi a Fake, daga baya kuma, a shekarun 1850, yaƙe-yaƙen Sarkin Haɗeja Buhari suka raunana masarautar ƙwarai.

Dalilin da ya sa doki ya zama na 'yan tsiraru yana cikin barga, wato wurin da ake ɗaure dawaki a gidan basarake. Doki ba ya kiwon kansa kamar saniya ko jaki. A turke yake kwana, da dabaibayi a ƙafa, kuma kullum sai an kawo masa ciyawa ɗanya da damina, harawa da rani, da dawa wadda ta ishi mutane da yawa tuwo, da dusa da kanwa, a shayar da shi, a share masa, a wanke shi, a fitar da shi kilisa, wato ɗan zagayen motsa jini, don kada ƙafafunsa su kumbura ko ya yi taurin kai. Wannan aiki na mutum fiye da ɗaya ne a kan kowane doki, kuma saboda haka ne sarauta ta ware masa muƙamai, irin su Madaki, shugaban mahaya a fagen fama, da Shamaki, mai kula da bargar sarki, da zagage, masu tafiya a ƙasa gaban dokin ubangidansu suna buɗe hanya suna kama masa likkafa. Sarki ne ke rarraba dawaki ga hakimai da barori, su ma su rarraba wa yaransu, kuma wanda aka ba doki ya san cewa bashi ne da zai biya ranar da aka buga tambari. Talakan da ya ajiye ingarma mai kyau kuwa yana jawo wa kansa idon masu iko.

A cikin wannan barga ake koyon hawa, kuma ba daga kan sirdi ake farawa ba. Yaro yakan fara da yankan ciyawa da kwashe kashi, ya koyi riƙe ragama, igiyar da ake jan doki da ita ba tare da ƙarfe a baki ba, ya riƙa kai shi rafi babu sirdi, ya san kunnen dokin da ke shirin harbi da na wanda ya natsu, ya bambanta akawal baƙi da kili fari da hurde mai dabbare-dabbare, kafin a bar shi ya ɗaura majayi da kansa. Sai bayan shekaru yake kaiwa ga taƙama da sassarfa da sukuwa, daga nan kuma zamiya, wadda ita ce ma'aunin gwani: mahayi ya sako doki a guje, ya ja linzami lokaci ɗaya, dokin ya durƙusa da ƙafafun baya yana tirje ƙasa ya tsaya cik. Linzamin Hausa yana da kaifi, da zoben ƙarfe da ke zagaye haɓar doki, don haka hannun da bai ƙware ba yakan fasa bakin dabbar har jini ya zuba, ko ya sa ta miƙe tsaye ta faɗo da baya a kan mai ita. Sirdin kuma yana da doguwar kwacciya gaba da baya, wadda ke riƙe mayaƙi daram idan ya yi karo da mashi, amma takan danne ƙirjin mahayi idan dokin ya kife. Dukkan waɗannan kaya an yi su ne don wanda ya girma da su. Haka ma lifidi, rigar da ake cusa wa audugar rimi a lulluɓe doki da mahayi don tare kibiya, da sulke na zoben ƙarfe, da kwalkwali, waɗanda Tarihin Kano ya danganta shigowarsu da zamanin Sarki Kanajeji a ƙarshen ƙarni na 14.

Masu yabon wancan zamani sukan tsallake wani ɓangare na labarin, alhali kuwa shi ne ginshiƙinsa. Yawancin masu yankan ciyawa da masu noman dawar da dawaki ke ci bayi ne, ana sayen manyan dawakin Borno da na Azbin da bayi, kuma da dawakin ake kai harin da ke kawo wasu bayin, ta yadda kowane ɗaya yana ciyar da ɗayan. Masana tarihi irin su Robin Law da Joseph Smaldone sun yi bayanin wannan zagaye dalla-dalla. Tarbiyyar barga gaskiya ce, ƙwarewar da ta haifar ma gaskiya ce, amma ba tsari ba ne da mai hankali zai roƙi a maido.

Bindiga mai ruwa ce ta kawo ƙarshensa cikin 'yan shekaru. A Fabrairun 1903 mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa 'yan tsirarun sojojin Turawa a Kwatarkwashi ba su iya keta su ba, Wazirin kuma ya kwanta dama a wurin. Katagum ta shiga hannun Turawa a wannan shekara ba tare da yaƙi ba, maƙwabciyarta Haɗeja kuwa ta tsaya ta yi faɗa a Afrilun 1906, inda aka kashe Sarki Muhammadu da manyan baradensa da yawa. Daga nan doki ya rasa aikin da aka ajiye shi dominsa, ko da yake ya ci gaba da zama abin hawan mulki na tsawon lokaci, domin Turawa sun tura hakimai su zauna a gundumominsu, kuma a kan doki ake rangadi da karɓar haraji da jangali da kai saƙon sarki. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir, aka ɗauke fadar daga tsohon garin Katagum aka maido ta Azare, bayan shekara goma kuma aka cire masarautar daga Lardin Kano aka haɗa ta da Lardin Bauci.

Hawan salla ya riga Turawa, tun da Tarihin Kano ya ambaci dawakin zage da fita Idi a zamanin Muhammadu Rumfa, kuma ma'anarsa ta asali ita ce hakimai su kawo mahayansu sarki ya gan su, su yi jahi, wato su sako dawaki a guje zuwa gabansa su yi zamiya su ɗaga hannu ko mashi su yi jinjina, wanda mubaya'a ce da kuma nuna cewa rundunar a shirye take. Abin da Turawa suka ƙara shi ne daba, babban taron sarakuna da yawa a fili ɗaya, wanda suka kwaikwayo daga mulkinsu na Indiya. An yi ta a Kano a 1913 gaban Gwamna Lugga, da 1925 don Yarima mai jiran gadon sarautar Ingila, aka yi a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabet, da 1959 lokacin mulkin kai na Jihar Arewa, sannan gwamnatin soja ta sake shirya ta a Kaduna a bikin FESTAC na 1977. A irin waɗannan taruka ne aka fara auna masarauta da kyan kayan doki da daidaiton launin riguna da tsarin jeri, sulke da lifidi suka koma kayan kallo, mai kallon kuma baƙo ne a rumfa. A gefe guda Turawa sun kawo ƙwallon doki, wadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagoggo suka rungume ta har Katsina ta yi suna da ita, da kuma sukuwar tsere mai fili da ƙa'ida, kamar Filin Sukuwa na Kano. Amma ƙwallon doki ta tsaya a hannun sarakuna da hafsoshin soja da attajirai, ba ta sauko unguwa ba.

A Azare, cikin dogon zamanin Sarki Umaru Faruƙu, daga 1947 zuwa 1980, da na ɗansa Muhammadu Kabir Umar, daga 1980 zuwa 2017, hawan salla ya zauna a matsayin ranar da hakimai daga Shira da Cinade da Gamawa da Itas da sauran gundumomi ke shigowa da jama'arsu, da algaita da kakaki da 'yan bindiga, amma a cikin waɗannan shekaru ne doki ya rasa sauran aikinsa na yau da kullum. Titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa garin, hakimi ya koma mota, dagaci ya koma keke sannan babur, gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Basaraken da ba ya karɓar haraji ba zai iya ciyar da dawaki ashirin shekara guda saboda hawan kwana biyu ko uku ba, don haka bargogi suka ragu, aka fara aron doki da hayarsa idan salla ta matso.

Daga wannan haya ce ƙofa ta buɗe wa kowa. Mutumin da ya sayo doki a kasuwar kan iyaka irin ta Maigatari yana bukatar abin da zai mayar masa da kuɗin dawa da harawa, salla kuwa sau biyu ce a shekara, saboda haka ya nemi masu biki. A biranen Arewa, Azare na cikinsu, hawan angwanci ya zama ruwan dare, haka ma hawan yaron da ya sauke Alƙur'ani da rakiyar wanda aka yi wa naɗi, naɗin sarauta kuwa ya yawaita tun da aka fara ba 'yan kasuwa da 'yan siyasa da manyan ma'aikata rawani, kuma kowane sabon mai rawani yana son tawagarsa ta fito ranar hawa. Wanda ya tsaya a bakin titi ranar irin wannan biki zai ga yadda ake yi: mai doki ya zo da dabbarsa an riga an ɗaura mata sirdi da jalala, a naɗa wa ango rawani a yafa masa alkyabbar haya, a tallafe shi ya hau, wani yaro ya zura masa ƙafa a likkafa, abokai su ɗaga wayoyi suna ɗauka, mai dokin kuma yana tafe a gefe da ragama a hannu, domin shi ne ainihin mai tuƙi ko da yake ba ya fitowa a hoton. Yaron da jiya yake sukuwa da dokin kara a lungu yau yana kan ingarma, ba tare da ya taɓa yankar masa ciyawa ba.

Wannan hanya ba ta keɓanta ga doki ba. Wasan dirowa daga jirgin sama da laima ya fito ne daga aikin soja, tsoffin sojojin laima na Yaƙin Duniya na Biyu suna cikin waɗanda suka mayar da shi wasa, an yi gasarsa ta duniya ta farko a Yugoslabiya a 1951, kuma ya daɗe yana hannun 'yan tsiraru masu dogon horo, har zuwa farkon shekarun 1980 lokacin da aka ƙirƙiro dirowar goyo a Amurka, inda ake ɗaure baƙo a ƙirjin gwani su faɗo da laima ɗaya bayan bayanin da bai kai awa guda ba. Tsoffin 'yan wasan sun yi ƙorafin cewa an mayar da abinsu yawon buɗe ido, alhali kuɗin baƙin ne ke biyan man jirgin da su ma suke hawa. Bambancin da ke akwai shi ne can baƙo ba shi da ikon kwance kansa daga jikin gwani, kuma akwai ƙungiyoyi da hukumomin da ke ba gwanin takardar shaida suna iya karɓe ta, a nan kuwa saurayi yana iya cewa a sakar masa ragama idan ya ga 'yan mata sun taru, mai dokin ma ba shi da wanda zai tuhume shi in ya saka.

Idan aka saki ragamar, haɗarin yakan tashi daga kan mahayi ya koma kan mai wucewa. Jahi na fada ana yin sa a fili mai rairayi, dogarai sun tare jama'a, zagage suna kusa, mahayan kuma sun san inda za su ja linzami, sukuwar unguwa kuwa a kan kwalta ake yin ta, inda kofato ke santsi, tsakanin babura da A Daidaita Sahu da yara masu talla. Ga shi kuma Bahaushe mai ado ba ya hawan goɗiya, don haka maza ne ake cusawa wuri ɗaya cikin hayaniya, su kuwa ba sa rasa faɗa da juna. A Kano abin ya kai ga 'yan sanda sun sha sanar da hana kilisa a titunan birni, saboda banke mutane da kuma 'yan daba da ke fakewa da ita suna ƙwace, har kalmar da a da take nufin kula da lafiyar doki ta koma sunan abin da iyaye ke kulle ƙofa idan sun ji tahowarsa. Shi ma dokin yana biyan nasa kason, domin na haya yakan yi biki biyu ko uku a rana ɗaya a ƙarƙashin hannaye daban-daban, bakinsa ya yi rauni, bayansa ya yi gyambon sirdi, a rufe da jalala a sake fitowa da shi gobe.

Duk da haka, dattawan fada da ke cewa an zubar da mutuncin hawa suna faɗin rabin gaskiya ne kawai. Kuɗin angwaye da na sababbin masu rawani su ne ke riƙe da dukawa masu ɗinkin kayan doki, da maƙeran linzami da likkafa, da masassaƙan sirdi, da masu kawo harawa daga ƙauye, da maroƙa da 'yan algaita, kuma daga cikin dawakin hayan nan ne hakimai da yawa ke cika tawagarsu ranar salla. Cikin yaran da ke jan ragama don a ba su na abinci ake samun gwanayen zamiya na yanzu, waɗanda suka bi hanyar da ɗan barga ya bi a da, sai dai ubangidansu ɗan kasuwa ne, kuma ba su gaji sarauta ko bauta ba. Hawan fada kansa ya nuna ba shi da tabbas, tun da an dakatar da shi a masarautu da yawa a 2020 saboda annobar korona, a Kano kuma rikicin sarauta ya sa hukumomin tsaro suka hana shi a 2024 da 2025.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam, abin da ya ƙara wa hawan sauran masarautu kwarjini a idon gwamnatoci da masu shirya yawon buɗe ido. Irin wannan karramawa takan jawo kuɗi zuwa ga abin da ido ke gani, wato riguna da rumfuna da kayan ado, alhali ilimin da ya fi saurin ɓacewa yana wurin tsoffin 'yan barga a Azare da gundumominta, waɗanda suka san adadin kanwar da doki ke bukata, da alamar ciwon ciki kafin ya kwanta, da yadda ake horar da duƙushi ya saba da bindiga. Masarautar Katagum, ƙarƙashin Sarki Umar Faruƙ na Biyu wanda ya hau gado a 2017, tana da muƙaman da aka ƙirƙira tun asali don kula da dawaki da mahaya, kuma ba ta bukatar sabuwar doka kafin ta ɗora musu rajistar masu ba da haya, da keɓe filin kilisa a wajen gari, da sharaɗin cewa ba a sakar wa baƙon hawa ragama a cikin jama'a.